Kyandir Ɗaya Bayan Isha'i

Shekara goma sha biyar muna tare da Malam kafin in taɓa jin kukansa. Daren da na ji, ban ma ga fuskarsa sosai ba, domin kyandir ɗin da ke tsakaninmu saura ƙiris ya ƙare, harshen wutar yana ta rawa a bakin gwangwani. Muryarsa kawai na ji ta karye. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in bari, sai da na nemi izininsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Faɗi, amma kada ki ambaci sunan kowa."

Ƙauyenmu yana cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, ba nisa da Gujungu. Malam mai walda ne, yana da rumfa a bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Haɗeja. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, gyaran garma da amalanke, duk aikinsa ne. Ni kuma ina sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya daga cikin gida, yara su ɗauka a kula su zaga. Ranar Lahadi da kasuwar Gujungu take ci, tun kafin azahar kayana sun ƙare.

A 2009 aka kawo ni gidan nan, lokacin ba a ja wuta zuwa unguwarmu ba. Cikin kayan ɗakina akwai fitilar ƙwai sabuwa fil, wadda gwaggona ta saya mini, ta ce in riƙa goge ƙwan da toka kullum da yamma, wai da hasken fitilar mace ake gane tsabtarta. Malam na dawowa daga sallar isha'i sai ya zauna a bakin gado, ya kunna rediyo mu ji BBC ta ƙarfe takwas da rabi, in an gama ya kashe don kada batir ya ƙare. Daga nan sai hira. Ba wata babbar magana ba ce. Wanda ya kawo gyara bai biya ba, akuyar Inna da ta shiga gonar maƙwabta, yadda ake cin gero a kasuwa. A lokacin "Amarya" yake kira na, ni kuwa ko ɗaga ido in kalle shi ba na iya yi.

Da aka kafa turaku aka ja mana waya, guɗa muka yi, kuma har gobe ina cewa alheri ne. Da wutar nan na sayi firiza da kuɗin adashi, da ita na ɗinka wa 'ya'yana kayan makaranta, da ita na daina miƙa hannu a kan kuɗin sabulu. Ba kullum take zuwa ba, wani lokaci a kwana biyu ba a gan ta ba, amma mun iya zama da ita. Malam ya sayi ƙaramin janareta saboda firizata, shi kuma in babu wuta da rana ya yi aiki da dare idan an kawo.

Ban san ranar da hirarmu ta mutu ba. Ba faɗa muka yi ba, da faɗa ne da na san ranar. Talabijin ta shigo, sannan babbar waya, tasa da tawa. Ya zama in ya idar da isha'i sai majalisa, daga majalisa sai wajen mai shayi ko gidan kallon ƙwallo. Ya shigo sha ɗaya ta wuce, ya tarar ina gaban talabijin ko ina ƙulla zoɓo a leda ina sauraron saƙonnin murya a WhatsApp. "Sannu da zuwa." "Yawwa." "Ga tuwo nan." "To." Ya ci yana kallon wayarsa. Da safe ya ajiye kuɗin cefane a kan firiza ya fita. In da za a ƙirga kalmomin da muke yi wa juna a yini, yatsun hannu da na ƙafa sun isa. "Amarya" ta koma "ke", ko "Maman yara" in akwai baƙi. Kuma duk wanda ya dube mu daga waje cewa zai yi gidan nan akwai zaman lafiya. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai abin da na riƙe shi da shi. Shekara biyu kafin wannan lokaci na yi ɓarin cikin wata biyar, namiji ne, har an ga halittarsa. Da aka sallamo ni daga asibiti, Malam ya tsaya a ƙofar ɗaki, ko shigowa bai yi ba, ya ce, "Sannu. Allah ya mayar da alheri." Ya juya ya fita, bai dawo ba sai tsakar dare. Na ce a raina, ashe haka nake a wurin mutumin nan. Ban faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyata, don na san amsar da zan samu: haƙuri. Na yi haƙurin, amma irin wanda yake daskarewa a ƙirji. Daga nan duk daren da ya daɗe a waje sai in ce zance ya tafi, aure zai ƙara. Har na fara ɓoye 'yan kuɗi a ƙasan adaka saboda ranar da zan ga ba zan iya ba.

Sai daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024. Duk wanda yake Jigawa ya san daren nan. Tankar mai da ta taso daga Kano ta faɗi a Majiya, fetur ya malala a kwata, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, yawancinsu samari, wasu nan take, wasu a asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano. Ba na son jin masu cewa kwaɗayi ne ya kai su. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023, a watan nan ta haura naira 1,000. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ya bar maganar nan ga Allah.

Cikin waɗanda suka rasu har da yaron shagon Malam. Shekara huɗu yana koyon walda a hannunsa, ɗan Majiya ne, maraya, shi yake riƙe da mahaifiyarsa. Shi yake zuwa karɓar abincin rana a gidanmu, ya durƙusa a zaure ya ce, "Umma, Oga ya ce a ba ni." Kullum sai na ƙara masa ƙullin zoɓo ɗaya mai sanyi.

Ranar Laraba Malam ya tafi jana'iza, aka binne su a babban kabari ɗaya. Da ya dawo bai ce uffan ba. Ya shiga ya ɗauko janareta da galan ɗin fetur da ke bayan ƙofa, ya fita da su daga gidan. Na ce, "Malam, firizar fa?" Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Fetur ba zai sake kwana a gidan nan ba." Iyakar abin da na ji daga bakinsa ke nan. Tuwo ya riƙa komawa yadda na kai shi. Na yi masa ta'aziyya irin ta baki, ya amsa irin ta baki.

Kwana shida bayan haka wuta ta ɗauke. Mun ɗauka irin wadda muka saba ce, don a watan nan babban layin ƙasa ya faɗi ba sau ɗaya ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, shiru. A rediyo muka ji bayani: tun kafin nan 'yan bindiga sun lalata turakun layin da yake kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, kuma rashin tsaro ya hana a shiga dajin a gyara. Arewa ta koma dogaro da layin da ya taso daga Ugwuaji ta jihar Enugu ya biyo ta Apir kusa da Makurɗi, shi ma a ranar 21 ga wata ya samu matsala. Kano, Jigawa, Katsina, Bauchi, Gombe, duk duhu. Ni da ban taɓa jin sunan Ugwuaji ba, sai ga shi abin da ya faru a can ya narkar da ƙanƙarata a nan.

Ranar farko na rufe firiza da bargo ina sa rai. Rana ta uku na kwashe kunun aya da ya yi tsami na zubar, jarina na sati guda. Mai cajin waya ya ninka kuɗinsa, kuma sai ka bar wayar ta kwana a layi. 'Yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka. Mai gidan kallo ya rufe, ya ce kuɗin da yake tarawa ba ya sayen man da zai ƙona. Majalisa kuwa ta zama zaman makoki, kusan kowa akwai wanda ya rasa. Malam ba aiki, walda ba ta yiwuwa sai da wuta. Da rana ya tafi gona, don kaka ce, ana ɗaurin gero ana yankan riɗi. Da dare ba shi da wurin zuwa sai gida.

Fitilarmu ta caji ta yi kwana biyu ta mutu. Na lalubo fitilar ƙwan gwaggo a ƙarƙashin gado, ƙwan ya fashe tun tuni, lagwanin ya bushe, kananzir kuma ya fi ƙarfin talaka. Tocila ɗaya ce a gidan, muka bar wa Inna saboda fitar dare. Ga shi daren sha huɗu ya wuce, wata ba ya fitowa sai dare ya yi nisa, kullum yana ƙara makara. Na aiki babbar 'yata wurin mai tebur ta sayo kyandir.

Ina ƙyasta ashana Malam ya zabura. Ya ce, "Me za ki yi?" Na ce yara za su ci abinci, ba za su ci a duhu ba, ga kunama a wannan lokaci. Ya karɓi kyandir ɗin daga hannuna, ya ɗiga ruwansa a kan gwangwanin madara ya kafa shi, ya sa gwangwanin a cikin tasa, ya zuba yashi ya kewaye. Ya janye labule da gidan sauro can nesa. Sannan ya jawo buzu ya zauna a gabansa. Ya ce wata rana gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka faɗa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Ya ce shi ba zai tashi daga nan ba sai ya ga mutuwarta da idonsa.

Gaskiyar magana, ba don ni ya zauna ba. Gadin wuta ya zauna yi. Mutumin da ya ga abin da ya gani a Majiya ba zai iya barin ko ƙwayar ashana tana ci a ɗakin da 'ya'yansa suke ba. Amma kyandir ɗaya ne a gidan, haskensa kuma bai wuce faɗin tabarma ba. Duk mai son ganin abin da yake kai wa baki dole ya matso. Haka muka tsinci kanmu mu shida a tabarma ɗaya, ni da shi da yara huɗu, gwiwa na gugar gwiwa. Rabon da mu ci abinci a wuri ɗaya da shi har na manta.

Daren farko shiru ne, sai ƙarar cokali da kukan gyare. Dare na biyu autarmu ta hana kowa sakat, ita a kunna mata talabijin. Don in rarrashe ta na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran suka tsaya suna kallona, ba su san amsar ba. Wallahi sai da na ji kunyar kaina, 'ya'yan Bahaushe ba su san amsar tatsuniya ba. Sai daga gefe na ji murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ta zo mu ji ta." Malam ne. Na fara ta Gizo da Ƙoƙi, na kai tsakiya na ɓata, shekara ashirin rabona da ita. Ya ce, "A'a, ba haka kakata take yi ba," ya karɓa ya ƙarasa, har da maƙale murya irin ta Gizo mai tsamin baki. Yara suka yi ta birgima. Ya haɗa hannuwansa a gaban kyandir, inuwar zomo ta fito a bango tana kaɗa kunne, sannan kare, sannan raƙumi. Ɗanmu namiji ya ce, "Baba, dama ka iya?" Na ga murmushi ya zo masa, ya tsaya a rabi ya koma.

A dare na uku na lura da idonsa. Mai walda yini yake yana kallon wutar da ta fi rana ƙarfi, gilashin ma ba kullum yake sawa ba. Ya ce mini da dare ji yake kamar an zuba masa yashi a ido, farin ƙwan lantarkin nan na ɗakina kuwa kamar allura yake shigar masa. Ya ce shi ya sa ya fi son zama a waje inda babu haske sosai. Na ce, "Malam, shekara nawa, me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Na ga kina aiki da shi." Ni da na saka ƙwan nan mai ƙarfi don in ga ƙullin leda da kyau, ashe korar mijina nake daga ɗakina ban sani ba. Ba na cewa shi ne dukan dalili, shi ma bai ce haka ba. Amma na tsorata da na ga ƙanƙantar abin da shiru ya ɓoye mana.

Daga nan muka shiga wani tsari ba tare da mun shirya ba. Yara su yi barci, a kwashe su, mu rage mu biyu. Kyandir ɗaya muke kunnawa a dare saboda tsada, shi ba zai kwanta ba sai ya mutu, ni kuma na daina tashi in bar shi. Ina ɓarar gyaɗa, yana taya ni. Ba waya a hannun kowa, dukansu sun mutu suna kan firiza kamar duwatsu. Ba ƙugin janareta ko ɗaya a unguwar. Har numfashinsa nake ji.

Dare na shida ne, in ban manta ba. Kyandir ya kai ƙarshe. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Kin san ya roƙe ni kuɗi ranar?" Na ce wa? Ya ambaci sunan yaron. Ya ce da yammacin Talatar nan, suna rufe shago, yaron ya ce, "Oga, a taimaka mini da dubu biyar, maganin tsohuwa ya ƙare." Kuɗin suna aljihunsa, amma na rodin wani ne da ya ba da aikin ƙofa. Ya ce masa ya bari sai Lahadi in kasuwa ta ci. Yaron ya ce, "To Oga, Allah ya kai mu." Ya hau mota ya tafi gida.

"Da na ba shi," in ji Malam, "da bai ɗauki bokiti ba."

A nan muryar ta karye. Ya sa goshinsa a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza, yana danne sautin don kada Inna ta ji daga ɗakinta. Ya ce a wurin jana'iza ya bi gawarwakin ɗaya bayan ɗaya yana neman tabon ƙunar walda da yaron yake da shi a hannun hagu, bai iya gane shi ba. Ya ce kwana goma sha biyu ke nan in ya rufe ido sai ya ji "Allah ya kai mu."

Ban san lokacin da na matsa ba. Mu nan ƙauye mace ba ta saba kama hannun mijinta haka kawai ba, ko su biyu ne. Na kama. Tafin hannun kamar fatar ganga, duk kanta da tabo. Kyandir ya mutu, ƙaurin lagwani ya tashi, ban sake shi ba. Na ce, "Malam, amanar wani ka riƙe, ba rowa ka yi ba. Kwanansa ne ya ƙare. Shekara huɗu kana ciyar da shi kana koya masa abin da zai ci abinci, Allah ya gani." Na faɗi abin da ya zo bakina. Ban san ko maganar ce ta yi masa amfani ko hannun ba.

Da ya natsu, sai na ji tawa ta taso, ta ƙi komawa. A cikin duhun nan da ba na ganin ko farin idonsa na ce, "Ni ma akwai abin da na riƙe ka da shi." Na faɗa masa ranar ɓarina, yadda ya tsaya a ƙofa, yadda ya fita. Na faɗa masa zargin da nake yi masa, har kuɗin ƙasan adaka ban ɓoye ba. Ina magana jikina yana rawa, don ban san yadda zai ɗauka ba.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce shi ne ya karɓi yaron a hannun ungozoma, a naɗe a ƙyalle, shi ya kai shi maƙabarta ya haƙa da hannunsa. Ya ce tun cikin yana wata uku ya yi niyyar in namiji ne zai sa masa sunan mahaifinsa. Da ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ga yadda na koma, ya san in ya shigo zai yi kuka a gaban Inna da matan da suka cika ɗakin. Sai ya tafi shago, ya rufe kansa a ciki har tsakar dare. Ya ce, "Na ɗauka in na tayar da maganar zan fama miki ciwo. Ashe shirun ne ya fi ciwo. Ki yafe mini, Amarya."

Amarya. Da 'ya'ya huɗu da furfura ta fara leƙowa. Na yi kukan da ban yi ba a shekara biyun nan. Muka yafi juna. Ba mu kwanta ba sai da wata ya leƙo ta saman katanga, siriri, gab da asuba.

Na sha tambayar kaina me ya sa sai a duhu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to mu fuskar ce take hana mu. An rene mu da kunya, kuma ba na ƙin ta, ado ce. Namiji an koya masa tun yana yaro cewa hawaye na mata ne. Mace an koya mata kada ta tsare miji da ido, kada ta cika tambaya. A ƙarƙashin farin ƙwai kowa yana tsaron fuskarsa. Hasken kyandir kuwa ya isa ka san mutum yana nan, bai isa ya tona shi ba. Ga shi yana ba ido wurin sauka: kana kallon harshen wuta kana magana, ba sai kun haɗa ido ba. Kuma yana ƙarewa kana gani, sai ka ji in ba ka faɗa yanzu ba dare zai tafi da ita. A islamiyya an karantar da mu ayar Suratur Rum, cewa Allah ya halitta mana mataye daga jinsinmu don mu natsu zuwa gare su, ya sanya ƙauna da rahama a tsakani. Na haddace ta da daɗewa. Natsuwar ce ban taɓa ba ta wuri ba, kullum akwai abin da yake ƙara a ɗakin.

Kada wani ya ji wannan ya ce ina yabon rashin wuta. Ban yabe shi ba, ba kuma zan yabe shi ba. A kwanakin nan maƙwabciyata ta haihu a asibiti da hasken tocilar waya. Masu injin gyaran shinkafa, teloli, masu aski, masu walda irin Malam, duk sun zauna hannu rabbana. Na san gidan da rashin cinikin nan ya haddasa faɗa har matar ta yi yaji. Jarina da ya narke sai da na ci bashi na tayar da shi. Talakan Arewa yana da haƙƙin samun wuta kamar kowa. Abin da nake faɗa kawai shi ne abin da ya same ni a cikin wannan duhu.

A ƙarshen watan muka ji a rediyo an gyara layi ɗaya, wuta ta fara komawa birane. Mu sai da muka ƙara kwanaki. Ranar da ta zo da la'asar ne, yaran unguwa suka ɗauki ihu, "An kawo! An kawo!" Firiza ta yi ajiyar zuciya ta kama ƙugi. Na yi hamdala da gaske. Amma can ƙasan raina akwai tsoro, kada wuta ta dawo ta mayar mini da mijina inda ta ajiye shi da.

Ba zan ce komai ya canza ba. Yana zuwa majalisa har yanzu, in ana babban wasa yana zuwa kallo, ni ma ina riƙe wayata. Muna saɓawa, harshe da haƙori ma suna yi. Amma washegari da kaina na cire farin ƙwan nan na mayar da shi rumfar da nake ƙulla zoɓo, na sa ƙarami mai taushin haske a ɗaki. Kuɗin ƙasan adaka na fito da su na ajiye a gabansa. Ya ƙi taɓawa, ya ce nawa ne. Muka yi shawara, muka haɗa da nasa, muka sayi buhun gero da maganin wata guda. Ranar Juma'a ya ɗauke ni a babur zuwa Majiya, wurin mahaifiyar yaron. Tsohuwar ta riƙe hannun Malam ta ce ɗanta bai taɓa kiran sunansa ba sai da alheri. Bai iya amsa mata ba, ni na amsa. Tun daga lokacin duk ƙarshen wata sai mun je, wani lokaci da kwano biyu na hatsi kawai, wani lokaci da abin da ya fi haka.

Da ya koma shago, ya tarar da guntayen rodi da yaron ya yanka ranar Talatar nan, a jingine inda ya bar su. Ya yi amfani da su ya gama ƙofar mai ita. Guntu ɗaya ya rage, bai kai kamu ɗaya ba. Ya lanƙwasa shi, ya yi masa ƙafa uku, ya liƙa ɗan faranti a sama mai baki, yadda ko kyandir ya faɗi ba zai taɓa komai ba. Ya kawo mini a aljihu, ya ajiye a kan adaka bai ce komai ba.

Jiya ma an ɗauke wuta bayan magariba. Muna da fitilar sola yanzu, na ba yara suka tafi da ita ɗakin Inna yin karatu. Da ya shigo daga masallaci na riga na kafa kyandir a kan ƙarfen. Ya duba labule, ya duba gidan sauro, ya jawo buzunsa. Na tura masa kwanon gyaɗa. Ya ce, "Kin san wanda ya zo shago yau?"